Darasi na 7: Amsa-amo, Kari da Maimaici a Waƙar Soyayya

Maganar masoya ba ta da yawa. Ina son ki. Na kasa barci. Kin yi nisa. Mutane sun sa mu a baki. In aka tattara waƙoƙin soyayya, tun daga na 'yan mata a dandali har zuwa na finafinan Kano, saƙon da za a tarar bai wuce waɗannan da 'yan'uwansu ba. Duk da haka wata waƙar sau ɗaya za ka ji ta, ta zauna maka a ka shekara da shekaru, wata kuwa kafin a kashe rediyo ta bi iska. Abin da ya raba su shi ne yadda aka jera sauti. Abubuwa uku ne suke wannan aiki: amsa-amo, kari da maimaici.

Baitocin da ke cikin wannan darasi don darasin aka tsara su, domin mu sami abin da za mu feɗe. Sharaɗi ɗaya ne: kada a karanta su a zuci. A ɗaga murya, in da hali ma a rera. Waƙar Hausa, ko rubutacciya ce, don kunne aka yi ta.

Kafin mu shiga, mu tuna kalmomin da muka gani a baya. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango. Ɗangogin da aka haɗa wuri guda su ne baiti. Baiti mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, mai biyu ƙwar biyu, haka har zuwa ƙwar biyar. Gaɓa kuwa ita ce yankin kalma da baki yake fitarwa a bugu ɗaya, kamar zu-ci-ya, gaɓa uku.

Amsa-amo

Ku saurari waɗannan baitoci biyu, ƙwar huɗu:

Zuciyata, hankalina,
Sun yi ƙaura tun da rana,
Ni kaɗai ne kan gadona,
Sun yi zango can wajenki.

Can a gona an yi shuka,
Na ji tsuntsu na ta kuka,
Duk mutane na ta harka,
Ni ina nan kan batunki.

A baitin farko ɗango uku sun ƙare da "na". A na biyu sun ƙare da "ka". Wannan shi ne amsa-amon ciki, wasu su ce ƙaramin amsa-amo, kuma yana da 'yancin sauyawa daga baiti zuwa baiti. Ɗango na huɗu kuwa duk da "ki" ya ƙare, kuma da waƙar za ta kai baiti hamsin, haka za a yi ta dawowa kan "ki". Shi ne amsa-amon waje, ko babban amsa-amo. Malaman zaure ƙafiya suke ce masa.

Wannan tsari ta hanyar karatun Larabci ya shigo mana. Alburda ta Imam Busiri, wadda ake rerawa a makarantunmu da wuraren Mauludi, daga farkonta har ƙarshe kan harafin mim take sauka. Ishiriniya ta Alfazazi kuwa harafi-harafi aka bi, kowane harafi da nasa kason. Malaman da suka tashi da irin waɗannan ƙasidu a kunne, irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, da suka zo yin waƙa da Fulatanci da Hausa sai suka ɗora ta a kan wannan turba. Makaɗan baka ba su ɗaure kansu da ita ba. Ku saurari Alhaji Mamman Shata da kyau, za ku ji ƙarshen layukansa ba dole ne su yi kama da juna ba. Kalangu da 'yan amshi ne suke riƙe masa waƙa.

A nan akwai wata gaskiya da ya kamata mai koyo ya sani tun da wuri: amsa-amo a Hausa abu ne mai araha. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuwa biyar ne. Ga kuma 'yan ɗafe-ɗafen mallaka da za ka liƙa wa kowane suna. Ku sake duba baitocin can. Hankalina, gadona. Wajenki, batunki. Wanda ya zaɓi "ki" a matsayin babban amsa-amo ba zai taɓa rasa kalma ba: idonki, gidanki, sunanki, muryarki, har gobe. Waƙar soyayya ta fi kowace faɗawa wannan rami, domin da ma da "ke" ake magana, kuma sau da yawa kunya takan hana a kama suna, sai a fake da wakilin suna. Ba laifi ba ne. Amma ba gwaninta ba ce. Baiti na biyu ya fi na farko aiki, domin shuka da kuka da harka kalmomi ne masu zaman kansu, sai da aka nemo su, kuma kowace ta kawo hoton wani abu da ke gudana a gari alhali masoyi yana zaune wuri ɗaya.

Malaman aruli, wato ilmin auna waƙa, suna kuma ƙyamar a maimaita kalma guda da ma'ana guda a gurbin ƙafiya kusa da kusa. In ka rufe baiti da "zuciya", kada ka sake rufe na gaba da ita.

Kari

Nan ne aikin yake, kuma nan za mu daɗe.

Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne wajen nauyi. Akwai gajeriya, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ki". Akwai doguwa, wadda take zuwa ta fuska biyu: ko dai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "zo" da "sai", ko kuma baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, kamar "har" da "kin". Karin waƙa shi ne jera gajeru da dogaye bisa tsari ɗaya, ɗango bayan ɗango. Wanda ya taɓa jin mata suna lugude a turmi ya san abin: ba ya buƙatar ya ga taɓarya kafin ya gane wata ta saɓa bugu.

Matsalarmu ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da muke zaune a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko da gajeriyar gaɓa ya fara, na biyu da doguwa. "Wata" na sama gajeriya da doguwa ne, "wata" ta "wata mace" gajeru biyu. Masu rubutu da ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin alif da wawu da ya suna taimaka musu wajen nuna inda aka ja wasali. Mu masu boko, kunne ne kawai alƙalinmu. Kada wanda bai daɗe da fara karatu ba ya ji tsoro. Kunnen da ya shekara arba'in yana jin Hausa ya riga ya san wannan ilmi, suna kawai za mu ba abin da ya sani.

Ga waƙa ta biyu, ƙwar biyu:

Dare ya yi nisa, idona biyu,
Kamar ni kaɗai ne cikin duniya.

Wata ya fito, ya wuce, ga ni nan,
Da sunanki zan kwana har safiya.

Abokai sukan ce da ni in bari,
Ina za a kai wadda ke zuciya?

Mu yanka ɗangon farko. Alamar v tana nufin gajeriya, alamar – tana nufin doguwa.

Da-re ya / yi ni-sa / i-do-na / bi-yu
v – – / v – – / v – – / v –

Gajeriya ɗaya, dogaye biyu, sau uku, sannan a rufe da gajeriya da doguwa. Kowane yanki da ke tsakanin sanduna ƙafa ake ce masa. Wani zai ce ai "yu" ta "biyu" gajeriya ce. Haka ne, amma gaɓar ƙarshen ɗango doguwa ake ɗaukar ta, tunda a kanta murya take hutawa. Ku gwada sauran ɗangogi biyar ɗin, kuna buga yatsa a kan tebur. Da su-nan / ki zan kwa / na har sa / fi-ya. Duk haka suke tafiya. Ku lura kuma ƙafa ba ruwanta da iyakar kalma: ta raba "sunanki" biyu, ta raba "kwana", ta raba "safiya".

Sunan wannan kari Mutaƙarab, ƙafarsa kuwa fa'uulun. Wanda ya tsara ilmin auna waƙa, wato aruli, shi ne Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra a ƙasar Iraƙi, a ƙarni na 8 na Miladiyya. Ya fitar da karuruwa 15, daga baya wani malami, Ahfash, ya ƙara na 16, Mutadarak. Marubuta waƙoƙin Hausa ba duka suka ɗauka ba. Waɗanda aka fi cin karo da su sun haɗa da Mutaƙarab da Kamil da Ramal da Wafir da Basiɗ da Rajaz da Mutadarak. Abin da ya sa aron ya yiwu shi ne Hausa da Larabci sun yi tarayya a wannan rabo na gajeriyar gaɓa da doguwa. Farfesa M.K.M. Galadanci, a wani nazari da ya buga a 1975, aure ya kira wannan dangantaka.

Yanzu mu ɓata ɗango ɗaya da gangan. A maimakon "Kamar ni kaɗai ne cikin duniya", ku ce "Tamkar ni kaɗai ne cikin duniya". Ma'ana ba ta sauya ba ko kaɗan. Yawan gaɓoɓi ma bai sauya ba, sha ɗaya ne nan, sha ɗaya can. Amsa-amo yana nan daram. Amma ku rera ku ji: harshe ya yi tuntuɓe tun a bakin ƙofa, domin "tam" doguwa ce ta zauna a gurbin gajeriya. Wannan shi ne karyewar kari. Da yawa daga masu fara rubuta waƙa suna zaton in sun ƙirga gaɓoɓi sun zo daidai, sun kuma sa "ya" a ƙarshe, shi ke nan. A'a. Nauyi ake aunawa, ba yawa kaɗai ba.

Ba kowane sauyi ne karyewa ba. Ku ji wannan: "Ina ta kiran ki cikin zuciya". In kun yanka za ku ga ƙafa biyu na farko sun zama v – v, wato gaɓa ta uku ta gajarce. Duk da haka ɗangon yana reruwa lami lafiya. Irin wannan rangwame da aruli ya yarda da shi zihafi ake ce masa, kuma gwanaye suna amfani da shi don kada waƙa ta yi ta tafiya salo ɗaya har ta gundiri mai saurare. A Mutaƙarab ana iya sassauta gaɓa ta uku ta ƙafa. Ba a nauyaya ta farko.

Mu koma kan waƙar farko. Kalmar "zuciyata" ita kaɗai ƙafa ce cikakkiya: doguwa, gajeriya, doguwa, doguwa. Haka "hankalina". Wannan ƙafa faa'ilaatun ce, karin kuwa Ramal, kowane ɗango ƙafa biyu. Shi ne karin Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Masu nazari sun nuna cewa Namangi daga waƙar makaɗan caji ya ɗauko muryar da yake rera Imfiraji da ita, ya zuba mata wa'azi da begen Manzon Allah (SAW). Wannan ya isa ya nuna mana cewa ba komai ne daga littafin Halilu ya fito ba. Wasu karuruwan da muke sa wa sunan Larabci, da ma suna nan a bakin ganga, malamai suka tarar da su suka raɗa musu suna.

Me ya haɗa duk wannan da soyayya? Ku rera waƙoƙin biyu a jere. Ramal da doguwa yake farawa, ɗangonsa gajere, yana faɗuwa da sauri, ya dace da zolaya da musayar baiti tsakanin saurayi da budurwa. Mutaƙarab da gajeriya yake ɗagowa sannan ya sauka kan dogaye biyu, ɗangonsa ya fi tsawo, numfashi yana ja. A ganina shi ya sa zancen dare da rashin barci ya fi zama a cikinsa. Wannan ba doka ba ce, an yi wa'azi da siyasa da kowannensu. Amma mai waƙa da ya san abin da yake yi yakan tambayi kansa wace tafiya ce ta dace da halin da yake son nunawa, tun kafin ya nemi kalma.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da kunne mai kaifi zai kama. Ku furta "duniya", sannan "safiya" da "zuciya". Duk da "ya" suka ƙare, amma a "duniya" murya ƙasa ta sauka, a sauran biyun sama ta tsaya. Wannan karin sauti ne na harshe, ba karin waƙa ba, kada a haɗa su. Farfesa Dalhatu Muhammad ya nuna cewa wasu marubuta, musamman Alhaji Aƙilu Aliyu mai Fasaha Aƙiliya, sukan daidaita har wannan hawa da sauka a ƙarshen ɗangogi. Amsa-amon kari ake ce masa. Ba a neman sa daga mai koyo, amma yana da kyau a san akwai shi.

Maimaici

A makaranta an koya mana cewa maimaita magana aibi ne. A wasiƙa ko rahoto haka ne. A waƙa kuwa, musamman ta so, maimaici shi ne ainihin yadda zuciyar masoyi take aiki. Wanda so ya kama ba sabon tunani yake yi ba, guda ɗaya yake ta juyawa, ya kwanta da shi ya tashi da shi. Waƙar da ta dawo kan kalma ɗaya sau uku ta nuna wannan hali, ba sai ta ce "ina yawan tunaninki" ba.

Maimaicin da aka fi sani a wurinmu shi ne amshi. A gaɗa, zabiya tana bayarwa, sauran 'yan mata suna karɓa da layi ɗaya da tafi. Waƙoƙin finafinai, waɗanda suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1990, a kan wannan suka ginu: namiji ya yi baiti, mace ta yi nata, a dawo kan amshi. Shi ya sa yaro ɗan shekara huɗu yake iya rera amshin waƙar da bai san ma'anar baitocinta ba. Akwai kuma maimaita kalma a farkon ɗango, kamar "sun yi ƙaura" da "sun yi zango" a waƙar farko. Akwai maimaita siga, inda kalmomi suka sauya amma ginin jimla bai sauya ba: tsuntsu na ta kuka, mutane na ta harka. Da kunne ya saba da "na ta", sai ɗango na huɗu ya zo da "ni ina nan", ya tsaya cik. Tsayawar ta yi ƙarfi ne domin motsin da aka maimaita kafinta.

To amma maimaici iri biyu ne, mai rai da matacce. Matacce shi ne wanda aka yi don cike gurbi, mawaƙi ya rasa abin faɗa sai ya yi ta "masoyiya, masoyiya" har kiɗan fiyano ya kai inda za a yanke. Mai rai shi ne wanda in ya dawo, ya tarar da ma'ana ta matsa. Mu ƙara wa waƙa ta biyu baiti na huɗu:

Dare ya yi nisa, kina can gida,
Idan kin yi barci, ki kwan lafiya.

"Dare ya yi nisa" kalmomin farkon waƙar ne, ba a taɓa ko harafi ba. Amma a baitin farko kuka ne, mutum yana duban kansa: idona biyu, ni kaɗai. A na huɗu ya juya ya dubi wadda yake so, ya tuna ita ma daren ya same ta, har ya yi mata fatan barcin da shi ya rasa. Da a ce baitin ya fara da wasu sababbin kalmomi, da mai saurare bai auna tazarar da aka yi daga can zuwa nan ba. Ku lura kuma "lafiya" ta sauka ƙasa kamar "duniya", don haka baitin ƙarshe ya amsa na farko har a karin sauti.

Wata 'yar magana a gefe. Rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19 da suka iso gare mu galibinsu na addini ne: wa'azi, tauhidi, fiƙihu, madahu. Kalmomin so da bege da ƙauna a wajen yabon Annabi (SAW) suka fi samun wurin zama. Larabawa kuwa tun da can sun saba buɗe ƙasida da zancen masoyiya kafin a shiga abin da ya kawo su, kamar yadda Ka'abu ɗan Zuhairu ya yi a ƙasidar da ya rera gaban Manzon Allah. A wurinmu son mace ya fi zama a bakin 'yan mata da makaɗa, ko a takardar da saurayi zai ba yaro ya kai. Littafin Dausayin Soyayya, wanda Bello Sa'id ya tattara aka buga a 1982, yana cikin waɗanda suka fito da irin waɗannan waƙoƙi fili a rubuce. Wanda ya same shi a ɗakin karatu, ya zo da shi aji mu auna wasu baitocin tare.

Aiki

1. Ku yanka wannan ɗango gaɓa-gaɓa, ku sa alamar v da –, ku faɗi sunan karinsa: "Ina jin ki kullum cikin zuciya."

2. Ga ɗango biyu: "Zuciyata ta gaya min" da "Zuciyata ta gaya mini". Wanne ne ya zauna a kan Ramal kamar waƙar farko? Me ya sami ɗayan?

3. Ku nemo kalmomi biyar masu ƙarewa da "wa" waɗanda za su iya zama babban amsa-amo a waƙar soyayya. Ban da sunayen mutane.

4. Kowa ya zaɓi wata waƙar soyayya da yake ji a rediyo ko a waya, ya saurare ta sau biyu. Ya rubuta abin da aka maimaita a cikinta, sannan ya faɗa wa aji ko ma'anar ta matsa a dawowa ta biyu, ko tana nan inda take.

5. Ku zauna bibbiyu ku ƙara wa waƙa ta biyu baiti ɗaya. Ya fara da "Dare ya yi nisa", ya ƙare da "ya", amma ba da duniya ko safiya ko zuciya ko lafiya ba. Mata suna iya juya waƙar ta zama daga bakin mace, "ki" ta koma "ka", nauyinsu ɗaya ne. Ɗaya ya rera, ɗaya ya buga tebur, duk inda bugu ya saɓa a sa alama a gyara kafin zama na gaba.